Kirari Ba Ya Tuƙa Tuwo: Labarin Maginan Takarda Na Kashmir

A hutun da ya wuce wani kawuna ya komo daga ƙasar Indiya inda ya tafi jinya, ya zo wa kakarmu da tsarabar wani ɗan akwati wanda girmansa bai fi tafin hannu ba. Baƙi ne wuluk, an lulluɓe shi da zanen furanni ja da shuɗi da ruwan zinariya, 'yan mitsi-mitsi, har sai mutum ya ƙura ido kafin ya rarrabe wannan da wancan. Gardama ta kaure a tsakar gida. Wani ya ce katako ne, wani ya ce tangaran ne, ƙanwata kuwa ta rantse roba ce. Da kawu ya ce ai tsohuwar takarda ce aka jiƙa aka daka, sai kowa ya bushe da dariya, ana tsammanin zolaya ce irin tasa.

Ni dai dariyata ba ta yi nisa ba, domin na tuna wani abu. Muna aji huɗu a firamare an taɓa sa mu jiƙa tsofaffin jaridu, mu kwaɓa da sitaci, mu manna a bayan kwano. Abin da na gina ya fi kama da busasshen kandilo. Daga wannan shekara ba a sake ba. Aka ce kowa ya riƙa kawo tsintsiya ko kuɗi a madadin aikin hannu, a ba shi maki, mu kuwa muka yi ta murna an raba mu da wahala. Tsakanin kandilona da akwatin kaka akwai aikin shekara wajen 600. Wannan ya sa na shiga binciken masu wannan sana'a, abin da na tarar kuwa shi ya hana ni yin shiru. Ra'ayina a taƙaice shi ne: duniya ta cika waɗannan bayin Allah da kirari da lambobin yabo, amma ta bar tukunyarsu babu wuta, kuma irin mutanen da ke yin wannan kuskure su ne irinmu, watau masu ilmin boko da ke zaune a ofisoshi.

Yawancinmu mun san Kashmir ta hanya biyu. Akwai ta finafinan Indiya, mai duwatsu da ƙanƙara da kwalekwale a kan Tafkin Dal. Akwai kuma ta rediyo, wadda Indiya da Pakistan ke jayayya a kanta tun 1947. Amma a cikin lungunan tsohon birnin Sirinagar, musamman unguwar Zadibal da maƙwabtanta, akwai Kashmir ta uku, ta masu sana'a, waɗanda ke zaune a ƙasa tun safe har magariba da ɗan buroshi a hannu. Galibinsu Musulmi ne mabiya Shi'a, kuma gadon sana'ar suka yi kaka da kakanni.

Mutanen ƙasar suna danganta zuwan sana'ar da mutum biyu. Na farko shi ne Mir Sayyid Ali Hamadani, wani shehin Sufaye daga Farisa wanda ya shigo Kashmir a ƙarni na 14, aka ce ya zo da mabiya 700, cikinsu har da masu sana'o'i iri-iri. Na biyu shi ne Sarki Zainul Abidin, wanda ya yi mulki daga 1420 zuwa 1470, wanda har gobe suke kira Budshah, watau Babban Sarki. An ce shi ya jawo gwanaye daga Samarƙandu da Farisa, ya zaunar da su, ya sa suka koya wa talakawansa. Ko wanne ne daidai, abin lura ɗaya ne: malami da sarki ne suka ɗauki sana'ar hannu abin daraja, ba su ga ta yi musu ƙanƙanta ba. Masallacin da aka gina don tunawa da Hamadani a bakin Kogin Jelum, cikinsa cike yake da irin wannan ado.

Sunanta na asali kari-ƙalamdani, watau aikin gidan alƙalami, domin abin da aka fara shahara da yi shi ne dogon akwatin da marubuta ke zuba alƙaluma da tawada. Kalmar ƙalam ɗin nan ita ce dai alƙalaminmu, duk daga Larabci muka aro. Ashe sana'ar a gidan ilmi aka haife ta. Bayan Sarki Akbar ya haɗe Kashmir da daular Mugal a 1586, sai aikin ya hau ƙofofi da rufin ɗakuna da kayan sarauta. A ƙarni na 19 kuma, sa'ad da matan Faransa suka haukace a kan mayafan ulu na Kashmir, a cikin irin waɗannan akwatuna ake aika mayafan, har Turawa suka shiga sayen akwatin don kansa. Sunan da duniya ta san sana'ar da shi a yau, papiye mashe, Faransanci ne, ma'anarsa taunanniyar takarda. Ni dai ginin takarda zan kira ta, kamar yadda muke cewa ginin tukunya.

Ya kamata mai karatu ya san yadda ake aikin, domin wanda bai san wahalar abu ba ba ya sanin kuɗinsa. Mutum biyu ne ke raba shi. Na farko shi ne magini, wanda suke kira saktasaz. Shi ke tara tsofaffin takardu ya jiƙa su cikin ruwa kwana da kwanaki har su ruɓe, ya zuba a turmin dutse ya daka, ya kwaɓa da kunun shinkafa don ya yi danƙo. Sai ya shafa kwaɓin a jikin wani samfuri na katako ko na ƙarfe ko na yumɓu, ya bar shi ya bushe. In ya bushe ya sa zarto ya tsaga shi biyu, ya fid da samfurin, ya sake haɗa ɓarin biyu da gam. Daga nan a shafe shi da farar ƙasa da gam, a goge da dutse ko gutsuren ƙonannen tubali har ya yi sumul, a manna masa takarda mai shara-shara don kada ya tsattsage. Duk wannan ba a ɗiga launi ko ɗaya ba tukuna.

Sa'an nan abin ya koma hannun mai zane, wanda suke kira naƙƙash. Shi ke shimfiɗa launin ƙasa, ya zana furanni da ka, ba tare da ya ɗora wani hoto ya kwafa ba. Buroshin gwanayen dā da gashin kyanwa ake yinsa, launukansu kuma daga ma'adinai da tsirrai ake haɗa su, zinariyar ma ta gaske ce. Kowane zane da sunansa. Akwai hazara, watau furanni dubu, irin na akwatin kakarmu. Akwai gul-andar-gul, fure cikin fure. Akwai ganyen cinar, babbar itaciyar da ke alamta Kashmir, da tsuntsayen bakin tafki. A ƙarshe a shafa man ƙyalli sau da yawa, shi ke sa ruwa ba ya yi masa illa da wuri. Ƙaramin abu yakan ci makonni, babba kuwa watanni. Abin da ke ƙarewa a jikin mai zane shi ne ido da gadon baya.

Ba Kashmir kaɗai ke ginin takarda a Indiya ba. A ƙauyen Carida, cikin gundumar Puruliya ta Bengal ta Yamma, ana manna takarda bisa takarda a kan samfurin yumɓu, a rufe da ƙyalle, a fito da manyan fuskokin da 'yan rawar Cau ke sawa, rawar da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2010. A Ragurajpur ta jihar Odisha ma ana yin fuskoki da 'yan tsana. A Madubani ta jihar Bihar mata ne ke kwaɓa takarda da hulba da wata irin farar ƙasa, su gina kwanduna da mutum-mutumi. Mabiya addinin Hindu suna siffanta allolinsu da dodannin tatsuniyoyinsu, Musulmin Kashmir sun fi karkata ga fure da ganye, amma kuma su ne ke zana ƙwallaye da taurari da ƙararrawar da Turawa ke ratayawa a bikin Kirsimeti. Talaka dai bai da lokacin faɗan da manya ke ƙirƙira masa, neman abinci ke gabansa.

To, ina matsalar take? In aka dubi takardun gwamnati, babu sana'ar da ta kai wannan gata. Tun 1952 Indiya ta kafa hukumar sana'o'in hannu ta ƙasa baki ɗaya a ƙarƙashin Kamaladebi Catopadiyaya, macen da ta yi yawo ƙauye-ƙauye tana farfaɗo da sana'o'in da mulkin mallaka ya durƙusar. A 1999 aka yi dokar da ke kare sunan kayan da suka keɓanta da wani yanki, ta fara aiki a 2003, aka yi wa ginin takardar Kashmir rajista a ƙarƙashinta, fuskokin Puruliya ma suka samu tasu a 2018. A 2019 aka ba Fayaz Ahmad Jan, gwanin wannan sana'a daga Sirinagar, lambar girma ta Padma Shiri, a 2023 kuma aka ba Subhadra Debi ta Madubani irinta. A 2021 UNESCO ta sa Sirinagar cikin biranen da suka yi fice a sana'ar hannu, a 2024 majalisar sana'o'in hannu ta duniya ta ƙara mata wani kambin. Kirari kam ya kai kirari.

Amma 'yan jaridar da suka shiga lungunan nan labari ɗaya suke fitowa da shi shekara da shekaru. Tsofaffi ne suka rage a bakin aiki. Akwai gwanayen da suka ajiye buroshi suka koma tuƙa keke mai ƙafa uku ko leburanci, domin abin da lebura ke samu a yini ya fi nasu. Uba da bakinsa yake hana ɗansa gadon sana'ar. Wani ɓangare na wannan masifa ba laifin kasuwa ba ne. Tawayen da ya ɓarke a 1989 ya kori baƙi masu yawon buɗe ido shekaru masu yawa. Ambaliyar watan Satumba na 2014 ta shanye unguwannin Sirinagar, kowa kuwa ya san abin da ruwa ke yi wa takarda. A watan Agusta na 2019 gwamnatin Indiya ta soke matsayin musamman na yankin, ta katse waya da intanet watanni, mai kaya ya rasa yadda zai ji daga mai saye. Kafin a farfaɗo annobar korona ta 2020 ta rufe duniya. A wannan shekarar ce kuma aka rushe hukumar nan ta 1952.

Duk da haka ban yarda a ɗora wa ƙaddara laifin duka ba. Akwai cuta biyu da suka girmi waɗannan masifu, kuma za su ci gaba ko da an sami zaman lafiya gobe.

Cuta ta farko ita ce ta kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Magini yana sayar wa mai zane ko mai ɗakin aiki, shi kuma ya miƙa wa dillali, dillali ya kai wa mai babban kanti ko mai fitar da kaya ƙasashen waje. Kowace matattakala kuɗin na ƙaruwa, amma ƙarin ba ya gangarowa ƙasa. Na juya akwatin kakarmu ciki da bai, ban ga sunan wanda ya zana shi ba, balle na wanda ya daka takardar. Sunan kanti kawai na gani. Mai zane ma da sauƙi, shi wata rana a kira shi fadar gwamnati a rataya masa lamba. Magini fa, wanda hannunsa ke cikin ruɓaɓɓen ruwa a ƙasar da ruwa ke daskarewa da hunturu? Ranar da na ƙarshensu ya bari, mai zane ba shi da abin da zai yi zane a kai.

Cuta ta biyu ita ce jabu. Da yawa daga abin da ake sayarwa da sunan ginin takarda a yau kwali ne ko katakon inji aka shafa wa fentin kanti, aka yi masa zanen gaggawa. Baƙo ba ya iya rarrabewa, araha kawai yake gani. Gwanin da ya ƙi ha'inci sai ya ga kayansa sun kwana, wanda ya bi yayi kuma hannunsa ya lalace. Mutanen Kashmir sun taɓa ganin irin wannan. Masaƙun inji na garin Faisli a Sikotilan da na Faransa sun kwaikwayi mayafansu suka cika kasuwa da masu araha, yaƙin Faransa da Jamus na 1870 zuwa 1871 ya ƙarasa kashe cinikin, masaƙa suka shiga uku, yunwar 1877 zuwa 1879 ta zo ta same su ba su da komai. Abin takaici, har zanen mayafin ma sunan garin da ya kwaikwaya Turawa ke kiransa da shi yanzu.

Na san abin da wasu abokaina na sashen tattalin arziki za su ce, domin mun yi wannan muhawara a ɗakin kwana har dare ya raba. Za su ce kasuwa ba ta san tausayi ba. In roba ta fi araha, kuma ta fi jure ruwa, don me za a tilasta wa yaro ya makance a kan akwati saboda wani attajirin Turai ya sami abin ajiyewa a kan tebur? Akwai gaskiya a nan, ba kuwa zan ɓoye ta ba. Ba ni da bakin da zan zargi saurayin Zadibal da ya zaɓi makaranta ko tuƙi, alhali ni kaina na baro sana'ar gidanmu na zo jami'a neman takardar shaida. Wanda ke son talaka ya dawwama cikin talauci don al'ada ta yi kyan gani, mugu ne, ko da ya sa rigar masoyin al'ada.

Sai dai hujjar tasu ta ginu a kan cewa kayan ba su da masu saye, wannan kuwa ba haka ba ne. Ana sayensu, da tsada ma, a manyan kantunan Delhi da na Turai da Amurka. Kuɗin yana nan, hanyar da yake bi ce ta karkace. Kasuwar da mai saye bai san abin da yake saye ba, mai yi kuma bai san nawa aka sayar ba, ba za a ce ta yanke hukuncin adalci ba. Bayan haka, sana'a irin wannan ba a littafi take zaune ba, a hannu take. Ma'aikata in ta rufe ana iya sake buɗe ta bayan shekara 20 in an sami jari. Amma in sarƙar malami da almajiri ta tsinke tsara ɗaya tak, kuɗin duniya ba zai ƙulla ta ba. Kuma wa ya ce tsohon abu ba shi da gobe? A 2020 hukumar hana gurɓata muhalli ta Indiya ta fitar da ƙa'idar hana jefa gumakan filasta cikin koguna lokacin bukukuwa, mutane da dama suka waiwayi na yumɓu da na takarda, waɗanda ke narkewa. Sana'ar da jarinta shara ce ba za ta rasa gurbi ba a duniyar da shara ke neman binnewa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Saboda haka ga abin da nake gani. Na farko, a sa sunan magini da na mai zane a jikin kowane kaya, tare da shaidar da mai saye zai iya tantancewa. Hukumomin Kashmir sun fara irin wannan da dardumansu a 2022, inda ake manna wata alama da waya ke karantawa. Rajistar da ba a bi ta da bincike a kantuna da hukunta masu jabu ba, ado ce kawai. Na biyu, a biya almajiri yayin da yake koyo, a biya malaminsa. Shirin Karkandar da aka ɓullo da shi a 2021 ya nufi nan, amma horon 'yan watanni ba ya fid da gwani a sana'ar da ake shekaru ana koyo. Na uku, masu sana'ar su haɗa kai su riƙa sayarwa da kansu, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, waya kuma ta rage nisan da ke tsakanin Zadibal da Paris. Na huɗu, gwamnatin da ke raba lambobi ta zama ita ce mai saye ta farko, kai tsaye daga hannun mai yi, ta kuma biya a kan lokaci.

Wani zai ce, to, mu ina ruwanmu da Kashmir? A jerin nan na UNESCO na 2021 da aka sa Sirinagar, a rana guda kuma a rukuni guda, an sa garin Bida na Jihar Neja, saboda maƙeran tagulla da masu narka gilashi su yi munduwa da duwatsun wuya. Mun ji sanarwa a rediyo, mun yi tafi. Wa a cikinmu ya taɓa tambaya ko kuɗin shigar maƙerin Bida ya ƙaru da ko sisin kwabo tun daga ranar? Wa ya ƙirga karofin da suka rage da shuni a Ƙofar Mata? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Indiya da ta yi shekara 70 tana kafa hukumomi da dokoki ga inda masu sana'arta suke, ina ga wanda bai fara ba?

'Yan'uwana ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka riga mu kama aikin gwamnati, gobe fayil ɗin masu sana'a a kan teburinmu zai sauka. Mu ne za mu shirya bikin baje koli, mu rubuta wa kwamishina jawabi, mu sayo kyautar da za a ba manyan baƙi. Shirya biki abu ne mai sauƙi, kuma a nan ake samun hoto a jarida. Aikin da ke da wuya shi ne mutum ya tashi daga kujera ya shiga lungu, ya durƙusa gaban tsoho ya ce, “Baba, nawa aka biya ka a kan wannan, kuma yaushe?” Jami'in da bai taɓa yin wannan tambaya ba bai cancanci ya hau mumbari ya yi maganar raya al'adu ba. Mu da aka koya wa sayen makin aikin hannu da tsintsiya tun muna yara, sai mun yi da gaske kafin mu kankare raina mai sana'a daga zukatanmu.

Akwatin yana nan a ɗakin kaka, ta mai da shi mazubin goro. Duk wanda ya shigo gaishe ta sai ta miƙa masa ta ce ya faɗi ko da me aka yi shi, in ya kasa ta yi ta dariya. Ranar da zan komo makaranta ta kira ni ta ce, “Kai ɗan boko, wanda ya yi wannan abu, an dai biya shi haƙƙinsa ko?” Na sunkuyar da kai, domin ba ni da amsar da zan ba ta. Allah ya sa mu zama masu cika wa ma'aikaci ladansa tun guminsa bai bushe ba, amin.